Harsashi mai daƙiƙa uku a iska: gasar harbin nesa da bindigogin albarushi a Amurka

A watan Agustan 2023, hukumomin birnin Niyok suka kafa manyan tantuna a filin ajiye motoci na wani asibitin masu taɓin hankali da ke yankin Queens, domin saukar da maza kusan dubu ɗaya masu neman mafaka. Lokacin ne ƴan Afirka ta Yamma ke kwarara cikin birnin ta iyakar Meziko, don haka sunan wurin, Creedmoor, ba baƙo ba ne a kunnen ƴan'uwanmu da ke can. Sai dai da wuya a samu wanda ya ba su labarin abin da aka taɓa yi a kan wannan ƙasa. Kafin a gina asibitin, filin koyon harbi ne. A nan ne ranar 26 ga Satumban 1874 dubban mutane suka taru kallon mutum 12 suna harbin allon ƙarfe da ke nesa da su da kusan kilomita guda.

Wancan karon shi ne asalin wani wasa da har gobe ake yi a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu da Ostiraliya: harbin nesa da bindiga mai cin harsashi ɗaya, wadda ke aiki da baƙin albarushi irin na zamanin da. Masu yin sa sun san akwai bindigogin zamani da suka fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba. Da gangan suka zaɓi mai wahalar.

Maki uku kacal

A 1873 ƴan harbin ƙasar Ailan suka ci kambun Elcho a filin Wimbledon, suka doke Ingila da Sikotlan. Da ƙarfin wannan nasara kaftin ɗinsu, Manjo Arthur Leech, ya aika takardar ƙalubale ga Amurkawa, aka buga ta a jaridar New York Herald. Amurkawan ba su da gogewa a irin wannan nisa, ba su ma da bindigar da ta dace. Wata ƙaramar ƙungiyar masu sha'awar harbi a Niyok ce ta karɓi ƙalubalen, kamfanonin Remington da Sharps kuma suka shiga ƙera musu bindigogi cikin gaggawa.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Mutum shida a kowane ɓangare, kowa zai yi harbi 15 a yadi 800, da 15 a yadi 900, da 15 a yadi 1,000, wato mita 732 da 823 da 914. Nauyin bindiga kada ya wuce kilo huɗu da rabi, kuma ba a yarda da madubin hangen nesa a kanta ba. Allon yana da faɗin mita 3.6 da tsayin mita 1.8, baƙin da ke tsakiyarsa mai kawo maki huɗu kuwa santimita 91 ne kowace kusurwa. Daga inda maharbi yake kwance, baƙin nan bai fi girman ƙwayar gero da aka ajiye a tazarar mita biyu ba.

Ƴan Ailan sun zo da bindigogin Rigby masu ci ta baki, waɗanda a lokacin ake ganin babu kamarsu, kuma shi kansa John Rigby mai ƙera su yana cikin ƴan wasan. Amurkawa suka zo da masu ci ta gindi, waɗanda ake zura wa harsashi mai kwanson tagulla. Gardamar da ke ƙasa ke nan: shin sabuwar ƙira za ta iya da tsohuwar a nisa mai yawa?

A zangon farko Amurka ta samu 326, Ailan 317. A na biyu Ailan ta rage tazara da 312 a kan 310. Da aka je yadi 1,000 ƴan Ailan suka riga gamawa, jimillarsu ta tsaya a 931, Amurka na da 930, saura harbi ɗaya tal a hannun Kanal John Bodine. Labarin da ya shahara shi ne, ana dab da harbin wata kwalbar lemo ta fashe a hannunsa ta yanke shi, ya ɗaure da hankici ya kwanta. Ya sami baƙin tsakiya. Aka tashi 934 da 931.

Akwai wani abin da masu ba da labarin a Amurka kan faɗa a gurguje. Ɗaya daga cikin ƴan Ailan, J.K. Milner, ya sami baƙin tsakiya a allon da ba nasa ba, aka ba shi sifili. Da a allonsa ya faɗa, da Ailan ce ta ci da maki guda. Duk da haka kasuwa ta riga ta yanke hukunci, cikin ƴan shekaru bindiga mai ci ta gindi ta mamaye filayen gasa.

Abin da ke faruwa tsakanin kunama da allo

Mai karatu da ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Damagaram ko Maraɗi ya san ƙarar albarushi da farin hayaƙinsa da warinsa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ne dai wannan: gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta. Bambancin bindigar toka da wadda ake magana a kai yana wuri biyu. Na farko, albarushin da dalmar suna haɗe cikin kwanso ɗaya, ba ɗura su ake yi ta baki ba. Na biyu, cikin bututun an yi masa zane mai murɗewa wanda ke sa dalmar ta fita tana juyi kamar katantanwa, shi ya sa take miƙewa ba ta karkata.

Sunayen harsasan ma lissafi ne. Idan aka ce .45-70, ana nufin faɗin dalmar ya kai kashi 45 cikin 100 na inci, wato milimita 11 da rabi, albarushin kuma awo 70 ne na ma'aunin Turawan Ingila, kimanin giram huɗu da rabi. Akwai .45-90 da .45-110 da .40-65, duk a kan wannan tsari. Dalmar da ake harbawa nesa takan kai giram 32 zuwa 35. Ta Kalashnikov giram takwas ce. Amma ta Kalashnikov tana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, ita kuwa wannan da ƙyar take kai 400.

Wannan jinkiri shi ne wasan gaba ɗaya. Kafin dalmar ta isa allon da ke yadi 1,000 sai ta yi kusan daƙiƙa uku a iska. Ba miƙaƙƙen layi take bi ba. Maharbi yana ɗaga bakin bindiga ne ta tashi sama fiye da mita 10, tsayin bene mai hawa uku, sannan ta gangaro kan allon kamar dutsen da aka jefa. Cikin waɗannan daƙiƙu iska na yin yadda ta ga dama da ita. Iskar da ke kaɗawa ta gefe da gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta fi ta kaɗa rigar da aka shanya ba, tana iya kautar da dalmar da kusan mita uku. Ga shi kuma iskar da ke wurin maharbi ba lallai ita ce ke tsakiyar fili ba, ta ƙasa ma daban da ta can sama inda dalmar ke bi.

Shi ya sa a yawancin gasannin mutum biyu ne ke aiki. Ɗaya na kwance da bindiga, ɗaya na zaune a gefensa da madubin hangen nesa yana karanta tutocin da aka kafa a filin, da kwanciyar ciyawa, da kawalwalniyar da zafin rana ke tayarwa. Yadda kawalwalniyar ke gudu, hagu ko dama ko tana tafasa a tsaye, shi ke gaya masa abin da iska ke ciki. Shi zai ce a ƙara kaza, a rage kaza, ko a dakata. Masu wasan da yawa mata da miji ne, ko uba da ɗa, kuma kowa a cikinsu ya san maharbi mai kyau da mai duba marar ido ba sa kai labari.

Abin saitin kansa ɗan tsani ne na ƙarfe da ke tsaye a bayan kunama, da ƙaramin rami da ake leƙawa, ana murɗa shi sama ko gefe da ma'auni mai ƙananan layuka. A gaban bututun akwai ƴar kwalbar ruwa mai kumfa irin ta magina, domin idan bindigar ta ɗan kishingiɗa ko da kaɗan ne, a irin wannan nisa dalmar ta bar allon ke nan.

Sai kuma dauɗa, wadda ita ce babbar abokiyar gaba. Idan baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, yana zama toka da kunkunniya, wani kaso kuma ya manne cikin bututu. In aka bar shi ya bushe ya yi tauri, harbi na biyar ba zai je inda na farko ya je ba. Wasu na goge bututun da ɗanyen ƙyalle bayan kowane harbi. Wasu na zura ɗan tiyo su hura numfashi a ciki sau uku ko huɗu, laimar numfashin ta tausasa tokar. A ranar zafi da bushewa, irin yanayin da mu muka saba da shi a watan Afrilu, hurawar ba ta wadatarwa, kuma nan ne gwanaye ke zubar da maki.

Kusan babu mai sayen harsashin gasa a kanti. Kowa a gida yake narka dalmarsa, ya gauraya ta da ɗan kuza don ta yi ƙwari, ya zuba a mazubi, ya auna kowace ɗaya a sikeli, wadda ta saɓa ya mayar da ita tukunya. Ana shafa mata man da aka haɗa da kakin zuma da kitse, wasu kuma su naɗe ta da siririyar takarda kamar yadda aka yi a 1874. Harbi 40 na ranar Asabar yana iya cin maraicen mako guda.

Kaza, alade, talotalo da rago

Bindigogin nan sun yi zamani gajere. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, bayan shekara biyu Faransa ta fito da bindigar Lebel mai aiki da shi, sauran ƙasashe suka bi. Kamfanin Sharps ma bai kai nan ba, tun 1881 ya rufe. Sai bayan kusan shekara ɗari aka sake waiwayarsu, kuma yau gasar ta kasu gida-gida.

Akwai wadda ta gaji sunan Creedmoor, a yadi 800 da 900 da 1,000, a kan allon takarda mai da'irar maki 10 da faɗinta bai wuce santimita 51 ba. Akwai kuma ta gumakan dabbobi na ƙarfe, wadda aka aro daga Meziko, inda a da dabbobi masu rai ake ɗaurewa a harba kafin a koma ƙarfe. Ana jera kaji a mita 200, aladu a 300, talotalo a 385, raguna a 500, goma-goma. Taɓa gunkin bai isa ba, sai ya faɗi. Ragon ya haura kilo 20, don haka akan sami wanda dalma ta same shi, ya yi ƙara, ya girgiza, ya ci gaba da tsayuwarsa, maharbi ya tashi da sifili. Ukun da ke nesa ana harbinsu da bututu a kan sanduna biyu da aka gicciya. Kajin kuwa a tsaye ake harbinsu babu majingini, da bindiga mai nauyin kilo biyar da rabi, kuma su ne suka fi ba kowa kunya. Gasar ƙasa ta wannan fanni an daɗe ana yin ta a cibiyar Whittington da ke Raton a jihar New Mexico.

Wadda ta fi tara jama'a fim ne ya haife ta. A 1990 aka fitar da Quigley Down Under, inda Tom Selleck ya fito a matsayin maharbi Ba'amurke da ya je Ostiraliya da bindigar Sharps mai dogon bututu. Kamfanin Shiloh da ke ƙaramin garin Big Timber a jihar Montana ne ya ƙera ta, kuma bayan fim ɗin masu oda suka yi masa yawa har sai mutum ya yi dogon jira. Ba a jima ba aka fara gasa da sunan jarumin fim ɗin kusa da garin Forsyth, a Montana ɗin dai, kowane watan Yuni. Ɗaruruwan mutane ke zuwa su kafa tantuna. Abin harbi shida ne, harbi takwas kowanne, daga bokitin ƙarfe a yadi 350 da ake harbi a tsaye, zuwa babban gunkin ɓauna a yadi 805, wato mita 736. Daga jan kunama zuwa lokacin da ƙarar ƙarfen za ta dawo kunne, daƙiƙa huɗu ne da ɗoriya. Mutum na iya sauke bindiga ya juyo ya dubi abokinsa kafin ya san ko ya samu.

Wanda ba ya iya sayen ta Montana, wadda kuɗinta dala dubbai ne, yakan sayi ta kamfanin Pedersoli na Italiya.

Ɓaunan da ba na ƙarfe ba

Gunkin ɓaunan nan na Forsyth ba ado ba ne kawai, kuma a nan ne labarin ke da nauyi. Wata uku kafin karon Creedmoor, irin wannan bindiga tana wani aikin daban a arewacin Tekzas.

A farkon ƙarni na 19 ana ƙiyasta ɓaunan Amurka sun kai miliyan 30. Su ne abinci da sutura da ɗaki da addinin ƙabilun da ke zaune a filayen tsakiyar ƙasar. A farkon shekarun 1870 majema suka gano yadda za su mayar da fatarsu ƙirgi mai ƙwari, wanda masana'antu ke buƙata don bel ɗin injuna. Maharba suka bazu da bindigogin Sharps. Dabararsu ita ce nisan: mutum ya kwanta can nesa inda garke ba ya jin warinsa, ya ɗora bututu kan sanduna biyu, ya fara kayar da jagorar garken, sauran su tsaya cirko-cirko, ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda kan kashe gommai a yini. A feɗe fata, a bar naman ya ruɓe. Sandunan da ake gicciyawa a gasar yau daga nan aka gaje su.

Ranar 27 ga Yunin 1874 ɗaruruwan mayaƙan Komanci da Kiyowa da Shayen, cikinsu har da Quanah Parker, suka far wa sansanin maharba a wani wuri da ake kira Adobe Walls. Suna ganin yarjejeniyar Medicine Lodge ta 1867 ta bar musu farautar wannan yanki, ga shi ana ƙarar da abincinsu a gabansu. Maza 28 da mace ɗaya ne a sansanin, amma bindigoginsu na kai wa inda na maharan ba sa kai wa. A rana ta uku wani matashi mai suna Billy Dixon ya ari Sharps mai girma, ya saita wasu mahaya da ke tsaye kan tudu, ya kayar da ɗaya daga kan doki. Nisan da aka fi ambata shi ne yadi 1,538, kimanin mita 1,400, ko da yake wasu masu bincike na ganin bai kai haka ba, shi kansa Dixon kuma ya ɗauki abin a matsayin sa'a. Bayan wannan karo sojojin Amurka suka buɗe yaƙin da ya ƙare da miƙa wuyan Quanah Parker a 1875. Garken arewa, wanda ke kiwo a yankin da Forsyth take yau, an gama da shi tsakanin 1880 da 1883, da zuwan layin dogo. A 1889 masanin dabbobi William Hornaday ya ƙirga abin da ya rage a nahiyar, bai fi dubu ɗaya da ƴan kai ba.

A duniyar masu wannan wasa Billy Dixon gwarzo ne. Ana shirya gasa da sunansa, ana sayar da bindiga da sunansa, ana ta gardamar yadi nawa ne. Mutumin da ya faɗo daga kan dokin kuwa ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. A ganina ba laifi ba ne mutum ya so tsohuwar bindiga, kuma harbin ƙarfe bai cuci kowa ba. Yawancin masu yi dattawa ne da suka fi damuwa da sikeli da kakin zuma fiye da komai. Amma wasan ya zaɓi ya yi ado da kayan maharban ɓauna, ya sa hularsu, ya ɗauki sandunansu, don haka bai kamata ya riƙa ba da rabin labarin ba.

Mu ma wannan zuriyar bindigogi ta ratsa tarihinmu. A shekarar 1874 ɗin dai Faransa ta karɓi bindigar Gras, mai harsashin milimita 11 da baƙin albarushi, kuma ita sojojinta baƙar fata suka daɗe suna riƙewa a yaƙe-yaƙen mamaye Afirka ta Yamma, har maƙeran Samori Ture suka koyi kwaikwayonta. Damagaram ta Sarki Tanimu tana da ƴan bindiga da igwa da albarushin gida, amma masu ci ta baki ne. Tazarar da maki uku suka nuna a Creedmoor, a fagen yaƙi ta fi haka faɗi, domin mai harsashin kwanso yana harbi sau da yawa kafin mai ɗuri ta baki ya gama ɗuri ɗaya.

Masana'anta ɗaya tal

Abin da ke barazana ga wasan a yau ba doka ba ce, albarushin ne. A duk faɗin Amurka masana'anta ɗaya ce ke yin baƙin albarushi, ta Goex da ke Camp Minden a jihar Luwiziyana, wadda asalinta ke komawa ga kamfanin DuPont da aka kafa a 1802. A watan Yunin 2021 gobara ta tashi a cikinta, aiki ya tsaya. A watan Satumba kamfanin Hodgdon mai ita ya ba da sanarwar rufewa. Kantuna suka ƙafe, farashi ya tashi, masu gasa suka koma dogaro kacokan da wanda ake shigowa da shi daga Aubonne ta ƙasar Switzalan da kuma Jamus. Da ma manyan gwanaye sun fi son na Switzalan, saboda ƙarfinsa da ƙarancin dauɗarsa, amma kaya ne mai haɗari da ba kowane jirgi ke ɗauka ba.

Sai a nan aka gane ba ƴan wasa kaɗai abin ya shafa ba. Rundunar sojin Amurka ma da wannan tsohon gari take kunna wutar harsasan manyan bindigoginta da wasu makamai masu yawa, kuma daga wannan masana'anta guda take samu. A farkon 2022 kamfanin Estes Energetics, ɗan'uwan wani kamfani mai ƙera ƙananan rokokin wasan yara, ya saye ta, ya gyara, aka koma aiki bayan kusan shekara biyu a rufe.